Kwando Uku a Jere

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai aikin bodi ba wani aiki ba ne, katako ne da ƙusa, kowa ma ya iya. To madalla. Tunda yau babu mota a rumfa, ku ajiye wayoyin nan ku matso, in gaya muku yadda katako da ƙusa suka kusa raba ni da abincina. Kai kuma mai ƙorafin gadar bakin rumfa, da kake tambayar wane marar lissafi ne ya kafa wajen aiki a tsallaken lambatu, buɗe kunnenka da kyau, amsarka tana ciki.

Ni a hannun Malam Garba na koyi aiki, a Kano, wajen 'yan katako. Ba ya duka, amma wallahi gara ya doke ka da ya yi maka wannan kallon nasa. Ranar da aka kai ni na zaci zarto zai ba ni. Kwandon tumatir ya miƙo mini ya ce in riƙe. Na yi ta binsa da kwando kamar mai talla, sauran almajiran aikin suna ta ƙunshe dariya. Sai daga baya na gane ashe ma'aunin ne aka damƙa mini. Malam yana da tef ɗin awo, amma a aljihu yake wuni, ya ce wannan na masu yin kujera ne. Mai bodi da kwando yake awo, kuma cikakke, domin kwando in ya ɗau kaya sai ya yi tumbi. Sauran kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: zarto biyu, guduma, kurfi, sifana, da abin huda katako na hannu wanda sai ka danna shi da ƙirji kana murzawa. Har yau akwai tabonsa a nan. Abu na biyu da ya cusa mini shi ne kada in kuskura in yi aiki da ɗanyen katako, ko da mai mota zai kwanta yana birgima. Ya ce yau za ka auna shi daidai, jibi ka dawo ka tarar ya canza magana.

Na dawo gida Kura lokacin da ruwan Tiga ya zauna a kanal, noman rani ya kankama. Tumatir ko'ina, har ido ya gaji da ja. Babbar mota ba ta iya shiga hanyoyin bakin kanal, saboda haka akori-kura ce ke shiga gona ta kwaso kwanduna ta kai kasuwa, inda manyan motocin kudu ke jira. A lokacin kusan duk akori-kurar da ke tashar nan iri ɗaya ce, wadda ake harhaɗawa a Kaduna. Motar gida muke ce mata. Gwamnati ta tsawwala wa motocin waje haraji don ta gida ta samu kasuwa, kuma gaskiya motar tana da ƙashi. Ga wani ikon Allah, bayanta kwando uku yake ɗauka a jere, cif, kamar tare aka haife su. Aikina shi ne in ɗaga mata bango, in yi mata hawa-hawa da katako, yadda kwandon sama ba zai zauna a kan na ƙasa ba. Kuskure kaɗan, manomi ya loda tumatir a gona, a sauke masa miya a kasuwa.

Direbobi kuwa, Allah Ya shirye su. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce in rage masa hawa. Akwai wanda ya matsa sai na ƙara masa na huɗu, na ce motarka za ta kifa, ya ce ai da addu'a yake tuƙi. Na ƙi. Ya je wani ya yi masa, a kwanar farko ya ciyar da awakin ƙauye guda, ya dawo wajena da bodin a guntu-guntu yana cewa hanya ce ba ta da kyau.

Rumfata a cikin tasha take a lokacin, kusa da mai shayi, kuma ƙungiyar direbobi ce ta ba ni filin. Ku riƙe wannan. Filin nasu ne, motocin da nake yi wa aiki nasu ne, ko shayin da nake sha rabi su ke saya mini. Shugabansu shi ne Ciyaman Ɗan'azumi, ƙaton mutum, in ya shiga gaban mota sai ka ga ta sunkuya ta gefensa. Ban taɓa ganin mai son motar gida kamarsa ba. Tasa fara ce, da gefen babbar rigarsa yake goge mata madubi. Duk taron ƙungiya, ko na rabon goron suna ne, sai ya kawo zancen cewa mai sayen motar waje yana cire lomar tuwo ne daga bakin ma'aikacin Kaduna. Ya sa aka yi doka, motar waje ba ta shiga layin lodi a tashar Kura. Ba wanda ya yi musu, tunda ba wanda yake da ita.

Sai shekarar wahala ta zo, can tsakiyar shekarun tamanin, zamanin da ake bin layin sabulu da madara. Kayan gyara suka ɓace. Ashe motar gidan nan tamu, kulocinta da birkinta da 'yan ƙananan abubuwan cikinta duk daga ƙetare suke zuwa, kuma ƙetaren ta daina aikowa. Mota ta lalace da abin da bai kai tafin hannu ba, sai a ɗora ta a kan duwatsu. Tasha ta koma kamar asibiti. Ta Ciyaman ma ta hau dutse, har kazar mai shayi ta samu wajen yin ƙwai a ƙarƙashin sitiyari, shi kuwa kullum da safe sai ya zo ya goge madubin. Ni zartona har tsatsa ya fara. Ga tumatir ya nuna gaba ɗaya a gonaki, 'yan motocin da suka rage ba sa isa, manoma suna tara shi a bakin kanal yana narkewa suna kallo. Warin har cikin gari.

A wannan halin Haladu ya shigo tasha da motar Japan. Haladu ɗan Malam Garba ne, maigidana, a gabana ya yi rarrafe cikin garin katako. Da ya girma ya ƙi aikin bodi, ya tafi Kaduna ya samu aiki a inda ake harhaɗa motar gidan, shekara da shekaru yana ɗaura ƙofa. Ɗan ƙungiyar ma'aikata ne na gaba-gaba, duk yajin aiki da shi, har ya taɓa ɗaga kwali a titi yana neman a hana shigo da motocin waje ɗungurungum. Da kaya suka daina zuwa aka sallame su da yawa. Ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya je sayen motar da ya yi ta ɗaura wa ƙofa, ya tarar ko ƙofar ba zai iya saya ba. Sai ya samo wannan, tsohuwa, ruwan ƙasa-ƙasa, ta shigo ta Maraɗi. Kada ku tambaye ni yadda ta shigo, ni ma ban tambaya ba. Siririya ce, amma tana tashi da murɗa ɗaya, kuma mai kamar lasa take yi.

Ciyaman ya tare shi tun daga bakin tasha ya karanta masa doka. Haladu ya fito cikin ladabi ya gaishe shi, sannan ya tambaya a gaban jama'a, wai mece ce motar gida? Ya ce shi da hannunsa yake fasa akwatunan da take zuwa a ciki, injin a akwati, ƙofa a akwati, har notin da ake ɗaure ta da shi a akwati. Ya ce abin da ya san na gida ne a jikinta shi ne iskar taya da guminsa, kuma gumin an sallame shi. Ciyaman ya gyara riga, ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan kwandunan da ke jibge a gefe.

"Motar gida ita ce wadda aka yi don kayanmu," in ji shi. "Kwando uku a jere. Ranar da wannan 'yar tsamurmurar ta ɗauki uku a jere, ni da kaina zan sa ta a layi."

Aka gwada nan take. Biyu suka zauna, na uku ya tsaya a sama yana lilo. Aka yi dariya. Ciyaman da ya ga ya yi nasara sai ya ƙara gishiri, ya juyo ya dubi rumfata ya ce duk mai sana'ar da ke cin arzikin tasha, in ya kuskura ya taɓa motar nan, rumfarsa ta bar tasha a ranar. Mai sana'ar bodi kuwa ni kaɗai ne a wajen, ko makaho ya san da wa ake.

Washegari Haladu ya same ni a gida ina karyawa. Bai roƙe ni ba, da ya roƙa ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Yaya Ado, Baba ya ce in gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko kwandon nan yana nan." Shi ke nan kokon ya fita daga raina. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba, don ina da iyali, kuma in rumfa ta tafi ban san inda zan nufa ba. Amma mutumin da ya ba ni sana'a kyauta, ya ciyar da ni, ya aiko ɗansa, da wane bakin zan ce a'a? Ga shi kuma tun jiya hannuna yake ƙaiƙayi, na riga na gama ƙera bodin a kaina.

Muka kai motar gonar surukina a hanyar Bunkure, muka ɓoye ta bayan tarin bambaron shinkafa. Aikin ba ƙarami ba ne. Ba bango kawai za a ɗaga ba, dole a kwance akwatin ƙarfen bayan gaba ɗaya, a shimfiɗa sabon daɓe na katako a saman tayoyi, ya fito ta kowane gefe kamar fikafikai, amma kada ya fito da yawa ya riƙa kwasar masu keke. Dole nauyin ya zauna a kan shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da mota take kwance a kai, in ba haka ba ta riƙa ɗaga hanci a hawa. Matsalar ita ce katako. A wannan shekarar busasshe ya yi tsadar da ba a magana, abin da Haladu ya iya samowa ɗanye ne, kana huda shi yana hawaye. Na ce a jira ya bushe. Ya nuna mini gonaki ya ce tumatir zai jira? Na yi bisimilla na sa zarto.

A tasha kuwa na ce surukina ne ba lafiya, kullum ina zuwa jinya. Wata safiya Ciyaman ya tare ni ya yi mini ya mai jiki, sannan ya sa hannu ya kaɗe mini hula, garin katako ya zubo. Ya ce Allah Ya ba shi lafiya, amma a rage ba shi katako, yana da nauyi a ciki. Na ce amin.

Dama wa ya taɓa ɓoye ƙarar guduma a karkara? Direbobin da motocinsu ke kan dutse suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ya ce wucewa yake yi. Wannan ya riƙe mini katako, wancan ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, kuma kowa in zai tafi sai ya ja ni gefe ya ce don Allah kada in gaya wa sauran ya zo. Rannan suka yi karo su biyar a bayan bambaro, har da ma'ajin ƙungiya riƙe da sifanata. Suka gaisa kamar a masallaci suka haɗu, ba wanda ya tambayi wani abin da ya kawo shi. Da na gama na auna da cikakkun kwanduna, uku suka zauna har da sararin sa hannu. Sai aka ce a bari sai ranar kasuwa, a yi gwajin a gaban kowa. Motar ta zauna a rana tana jira, ni kuma na manta da maganar Malam.

Ranar gwaji tasha ta cika, har manoma sun baro gonaki. Ciyaman ya sa aka kawo kwanduna uku daga gonarsa, don shi ma yana da fili a bakin kanal, kuma nasa tumatir ɗin ya fara laushi, ruwa na ɗiga ta gindin kwando. Ina ganin bodin na san an samu matsala. Rana ta tsotse katakon, bangon gefe ya lanƙwaso ciki kamar bakin tsohuwa. Aka ɗora na farko ya zauna. Na biyu ya zauna. Na uku ya shiga rabi ya cije. Abin da ya hana shi bai fi kaurin yatsa ba. Aka jijjiga, aka juya shi, ya ce shi fa nan ya tsaya. Haladu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na waiga na dubi rumfata, na ga na yi biyu babu, ga laifin taɓa mota, ga aikin bai yi ba, ga sunan Malam Garba na zubar a gaban garinmu.

Ciyaman bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga daga kwandonsa, ya dubi manoman da suka zagaye mu. Sai ya ce shi bai yarda da gwajin da aka yi daga ƙasa ba, shugaba sai ya duba da idonsa. Aka tallafa masa ya hau, motar ta yi ƙara ta durƙusa. Ya zagaya, ya leƙa nan ya leƙa can, sai ya ce wash, ƙafarsa, bari ya ɗan huta. Ya ɗora wani guntun katako a bakin kwando na uku, ya tattara riga, ya zauna a kai da dukkan abin da Allah Ya ba shi. Muka ji ƙaƙas, kwando ya shige har ƙasa, ruwan tumatir ya yi tsartuwa ya wanke wa ma'aji fuska.

Ya miƙe, bayan rigarsa jawur, ya duba ƙasa kamar yanzu ya lura. "Uku a jere," in ji shi. "Motar gida ce. A ba ta layi."

Tasha ta kaure. Ina cikin murna, har na fara karɓar hannu, sai Ciyaman ya ɗaga murya ya ce saura doka ta biyu, rumfar Ado ta bar tasha yau. Na ce ranka ya daɗe, ai kai da bakinka ka ce motar gida ce, ni motar gida na yi wa aiki. Ya ce a'a, lokacin da na taɓa ta ta waje ce, sai da na gama ta zama ta gida. Ya ce in ƙungiya ta fara cin maganarta, gobe ko yaron mota ba zai ji tsoronta ba. Na shiga na fara tattara zarto da guduma, ina tunanin ta inda zan fara gaya wa mai ɗakina.

Ban gama ɗaure kayan ba na ji rufi yana motsi a kaina. Direbobi ne suka kama ginshiƙan rumfar, suka tumɓuke ta ɗungurungum da kwanonta, Ciyaman yana gaba yana ba da hannu kamar mai sa mota ribas. Ni ina ciki ina bin ta da tafiya, rungume da kwandon awo. Ya tambayi ma'aji ina iyakar tasha, ma'aji ya ce lambatun nan da ke kwashe rarar ruwan kanal. Suka tsallaka da ita, wasu har gwiwa a cikin taɓo, suka dire ta a wancan gefen, suka kafa. Ciyaman ya kaɗe hannu ya shaida wa jama'a cewa an kori Ado daga tasha, kuma wannan ya zama darasi. Sannan ya leƙo ya tambaye ni ko in aika a kawo mana shayi, tunda yanzu na yi nisa.

Motar Haladu ta yi aiki a wannan kakar kamar jaki. Kayan Ciyaman ta fara ɗauka, bisa layi, in ji shi. Ba ta ceci tumatir ɗin kowa ba, mota ɗaya ce, amma gidaje da yawa sun ci abinci saboda ita. Na canza mata bangon da busasshen katako da zarar ya samu. Haladu ya taɓa tsayawa yana shafa bodin, ya ce duk zamansa a Kaduna bai taɓa ganin motar da rabinta na gida ne da gaske ba sai wannan. Dariya yake yi da ya faɗa, amma ni ban ji daɗin dariyar ba.

Saura yadda mota za ta iso rumfa. Na shimfiɗa katakai a kan lambatu, suka yi 'yan watanni suka karye da wata mota a kai. A lokacin motocin waje sun fara yawa, kowa ya sayo sai ya kawo in faɗaɗa mata baya ta zama 'yar gida. Ta Ciyaman kuwa ba ta ƙara tashi ba. Ya jira kayan gyara har ya gaji, aka fara zare mata wannan a gyara waccan, har ta koma ƙashi. Wata rana da hantsi sai na ga an turo abin da ya rage da ita bakin lambatu, shi yana biye, riƙe da madubin a hannu. Ya ce in cire shasin in yi gada da shi. Na ce Ciyaman, motarka fa? Ya ce ƙarfen Kaduna ne, ba zai karye ba. Ya tsaya har na gama shimfiɗawa, ya hau ya yi tsalle a kai sau biyu, ko gezau.

"To," in ji shi, "duk motar wajen da za ta zo neman bodi a garin nan, sai ta gida ta goya ta ta tsallake."

Ciyaman ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Yau ku duba tashar nan kaf, ba za ku ga motar gida ko ɗaya ba. Katakon gadar na canza shi ban san sau nawa ba, ƙarafan ƙasan kuwa ban taɓa taɓa su ba. Kai mai ƙorafi, tashi ka leƙa ƙarƙashinta, ta gefen hagu, akwai sauran farin fenti. In ka gani, ka dawo ka ɗauki kwandon can ka riƙe.